Amiyanus da Gawawwakin Majami'ar Rum

Wani mai karatu ya aiko yana tambaya ko a zamanin da Rumawa ke barin bautar gumaka suna shiga addinin Nasara an sami marubucin tarihin da ya yi wa ɓangarorin biyu adalci. Sunan da malamai suka saba kawowa shi ne Amiyanus Marselinus, tsohon soja mai bautar gumaka, wanda ya wallafa tarihinsa da Latinanci cikin juzu'i 31, goma sha ukun farko suka salwanta, ragowar suka ɗauko labari daga shekarar 353 zuwa 378.

Hujjar masu yabonsa, irin su Edward Gibbon, ba ta da rauni, domin ko da yake Amiyanus ya ƙaunaci Sarki Yuliyanus, wanda ya yi ridda daga Nasaranci, har ya bi shi yaƙin Farisa inda ajali ya riski sarkin a 363, bai fasa aibata dokarsa ta hana Nasara karantar da balaga da nahawu ba, kuma ya zarge shi da wuce haddi wajen yanka wa gumaka shanu.

Amma a dubi yadda ya kawo fitinar shekarar 366, sa'ad da Damasus da Ursinus suka yi takarar kujerar bishof na Rum, magoya bayansu suka far wa juna har hakimin birnin ya janye zuwa bayan gari, aka kwashe gawa 137 a majami'ar Sisininus cikin yini guda. Amiyanus ya bi lissafin da bayanin abin da ake kwaɗayi, wato kyautar matan attajirai, da hawan keken doki, da tufafin alfarma, da walimar da ta ɗara ta sarakuna. Sa'an nan ya yabi zuhudun limaman karkara masu ƙarancin ci da sunkuyar da kai, yabon da a ganina bulala ce aka tanada domin manyan birni.

Saboda haka na fi karkata ga masanin tarihi Timothy Barnes, wanda a 1998 ya nuna cewa ƙiyayyar Amiyanus ga Nasara tana nan, an dai lulluɓe ta da ladabi. Dalilin lulluɓin kuwa a fili yake, gama Amiyanus ya yi rubutunsa ne a Rum a zamanin Tiyodosiyus, Banasaren sarkin da ya haramta yanka wa gumaka a 391.