"YA ISA": TARIHIN NA'URORIN DA SUKA KOYI TSAYAWA DA KANSU

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta ishe su sauraro ba, da kuma masu cewa sun fi gane abu in sun karanta.

Bari in fara da wani abin kunya da na taɓa yi. Ina ɗalibi a Birnin Kebbi, mu uku a ɗakin haya, cikin watan Janairu, lokacin da sanyin fadama ke shiga har ɓargo. Da asuba na jona hita a bokitin roba. Ba a yi minti biyu ba aka ɗauke wuta. Na yi tsaki, na wanke fuska da ƙafa, na wuce makaranta, na manta ban zare ta ba. Da hantsi aka dawo da wuta. Ruwa ya tafasa, ya ƙone ƙurmus, bokiti ya narke, ledar ɗaki ta kama. Ba don matar maƙwabcinmu ta ji ƙauri ta yi kururuwa an ɓalle ƙofa ba, da yanzu wani labarin ake yi. Rabin katifa ya tafi, da takardun abokina da har yau in mun haɗu sai ya tuna min.

Daga baya na zauna ina tunani. Hitar nan ta iya aikinta sarai, ta dafa ruwa. Abu ɗaya ne ba ta sani ba: lokacin da za ta ce "ya isa". To tarihin wannan kalma a jikin na'ura shi ne shirinmu na yau, kuma ya haura shekara dubu biyu.

Kafin mu yi nisa, mu leƙa Argungu. Duk wanda ya taɓa zuwa bikin kamun kifi, wanda aka faro a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan Ɗan Mu'azu, ya ga yadda masunta ke faɗawa Matan Fada da homa da ƙaton gora. Gora ba ya nutsewa. Ruwa ya ƙaru ya hau, ruwa ya ja baya ya sauka. Ku riƙe goran nan a ranku, don shi ne rabin labarin.

Ɗaya rabin yana wajen kakata, Allah ya jiƙanta, wadda ta yi rayuwarta tana gumin shinkafa. Za ta zuba shanshera a tukunya, ta ɗora a wuta har ruwan ya yi zafi, ta janye itace, ta bar ta ta kwana, washegari ta tsame ta turara. Ina yaro in na tsaya ina kallo sai ta ce, "Kai maigidan, taho ka sa hannu ka ji. Ruwan da ka ƙuna yatsa shi ka ɓata shinkahwa." Yatsarta ce ma'auninta. In zafi ya yi yawa ƙwaya ta fashe ta dafe, in ya yi kaɗan ta daɗe a jiƙe ta yi tsami da wari. Kun ga ke nan abubuwa biyu ne: gora mai jin yawan ruwa, da yatsa mai jin zafinsa. Duk abin da masu ƙirƙira suka yi ta fama a kai shi ne yadda za a ɗaura waɗannan biyun a jikin ƙarfe, mutum ya samu ya tashi daga gadi.

An fara da gora. A birnin Iskandariyya ta Masar, wajen ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), akwai wani ɗan wanzami mai suna Ktesibios da ya ƙera agogon ruwa. Matsalar irin wannan agogo ita ce, in mazubi ya cika ruwa yana ɗiga da sauri, in ya ragu sai ya koma a hankali, lissafin lokaci ya rikice. Maganin da aka samo shi ne wani abu mai yawo a kan ruwa: in ruwa ya hau ya tura shi ya toshe mashiga, in ya sauka ya buɗe. A birnin dai, a ƙarni na 1 Miladiyya, Heron ya bayyana wata na'ura ta wurin ibadarsu. Ka jefa sulalla ta faɗa kan faranti, nauyinta ya ɗaga toshi, ruwa ya ɗan zubo, sulalla ta zame, toshi ya koma. Kakar duk wata na'urar sa-kuɗi-ka-ɗiba ke nan.

Daga nan sai Bagadaza, zamanin Abbasiyawa. Wasu 'yan'uwa uku, Muhammad da Ahmad da Hasan, 'ya'yan Musa bin Shakir, waɗanda tarihi ya sani da Banu Musa, suka fitar da Kitabul Hiyal wajen shekarar 850. Na'urori kusan 100 ne a ciki, galibinsu na ruwa. Akwai kwamin da ke sake cika kansa duk sanda aka sha ko aka ɗiba. Akwai fitilar da ke ƙara wa kanta mai, tana turo lagwani. Ku yi tunanin Bafulatanin da ke jan guga da rani don shayar da garke, a ce masa fiye da shekara dubu da ta wuce wani ya zana kwamin da ba ya bushewa kuma ba ya ambaliya.

A 1206 kuma, a garin Diyarbakir da ke Turkiyya ta yau, Al-Jazari ya kammala littafinsa mai na'urori 50. A ciki akwai ta wanke hannu mai siffar ɗawisu. Ruwa na fitowa ta bakin tsuntsun, wanda aka yi amfani da shi yana taruwa a ƙasa yana ɗaga abu mai yawo, sai wani ɗan mutum-mutumi ya fito da abin wanke hannu. Ruwa ya ƙara hawa, na biyu ya fito da tawul. Babu lantarki, babu batir. Gora ne kawai da sanda da lissafi. Ƙwallon robar da ke cikin tankin masai na zamani, ko a bakin tankin saman gidanku, jikan waɗannan ne kai tsaye.

Ɓangaren zafi shi ya fi wuya, don ido ba ya ganin zafi. A 1868 wani mai fenti a Landan, Benjamin Waddy Maughan, ya yi rajistar na'urar ɗumama ruwa da iskar gas. Tana aiki, amma ba ta da hanyar fitar da hayaƙi, kuma mutum ne zai kunna ya kashe. Wato 'yar'uwar hitata ce, ta iya dafawa, ba ta san ya isa ba.

Maganin ya fito ne daga wajen masu agogo. A ƙarni na 18, John Harrison na Ingila ya manna ƙarfe iri biyu wuri ɗaya, tagulla da baƙin ƙarfe. Kowane ƙarfe yana miƙewa in ya ji zafi, amma tagulla ta fi saurin miƙewa. To tunda a manne suke, sai sillen ya lanƙwashe, in ya huce ya dawo. Shi don gyara tafiyar agogo ya yi, amma ga yatsar kakata an samu a jikin ƙarfe. A 1883 wani malamin makaranta a jihar Wisconsin ta Amurka, Warren Johnson, wanda ya gaji da yadda ake shigowa aji ana duba zafin ɗaki ana katse masa darasi, ya yi rajistar ma'aunin zafi mai aika saƙo ta wayar lantarki. A 1889 kuma Edwin Ruud, ɗan ƙasar Norway mai aiki a birnin Pittsburgh, ya ƙera tankin ruwan zafi mai kunna wutarsa in ruwa ya huce, ya kashe in ya yi zafi. Sai a 1955 kamfanin Russell Hobbs a Ingila ya fitar da butar lantarki mai kashe kanta: ruwa na tafasa, tururi ya bugi wannan sillen ƙarfe, ya lanƙwashe, ya ture makunni. Wannan "ƙas" da kuke ji in buta ta tafasa, shi ne.

Akwai wani "ƙas" ɗin da kowane ɗan kabu-kabu ya sani, na gidan mai. Ka taɓa tambayar kanka yadda famfon mai ke sanin tankinka ya cika? A bakinsa akwai ɗan ƙaramin rami da ke zuƙar iska yayin da mai ke gudu. Mai na tasowa ya rufe ramin, iska ta yanke, wata 'yar fata a cikin mariƙin ta motsa ta saki kunamar. Wani Ba'amurke, Richard Corson, shi ya fito da dabarar a 1939, kuma har yau wannan ɓangaren ba ya buƙatar lantarki.

Abin da zamanin lantarki ya ƙara shi ne ƙwaƙwalwa. An samu ɗan ƙaramin abu kamar ƙwayar gero wanda yadda wuta ke ratsa shi yake canzawa gwargwadon zafi. Daga farkon shekarun 1970 kuma aka fara samun kwamfuta sukutum a kan ɗan guntu ɗaya mai araha. Da aka haɗa su, sai na'ura ta wuce kunnawa da kashewa kawai. Za ka ce mata ta riƙe ruwa a digiri 60 ta riƙe, ta ƙi kamawa in babu ruwa a ciki, ta auna lita kaza ta tsaya. Famfon da ke kawo ruwa in ka tara hannu, kamar na filin jirgi, wani haske yake harbawa wanda ido ba ya gani, hannunka ya mayar masa da shi. Disfensar ofis ma, mai jan famfo da shuɗi, ma'aunin zafi ne a cikinta yake gadin ɗan tankin ruwan zafin.

Yanzu mu dawo gida. Tun bayan da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, harkar shinkafa ta canza fuska a kwarin Rima. Ga kamfanin Labana a Birnin Kebbi, ga na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017. Irin waɗannan manyan masana'antu gumi suke yi, irin na kakata, sai dai a manyan tankuna, da ruwan da na'ura ke riƙewa tsakanin digiri 60 zuwa 70, ta yadda jiƙon da ke kwana sai ya kammala cikin 'yan sa'o'i. Shi ya sa shinkafarsu ke fitowa launi ɗaya, buhu bayan buhu. Matan da ke gumi a gida ba su gaza a ilimin ba, wallahi. Ma'auni ne babu. Kuma wannan ɗan bambanci shi ke raba farashin mudunsu da na kamfani a kasuwa.

Ku zaga unguwanninmu da dare kuma. Gida nawa za ku ji tanki na ambaliya, ruwa na kwarara a kwata, injin burtsatse na ta ihu saboda yaron da aka ce ya kashe barci ya kwashe shi? A layin nan dai, da safe, za ka ga yarinya da jarka tana neman mai ba ta ruwa. Makunnin da ke yawo a cikin tanki ya kashe injin in ya cika yana nan a shagunan kayan famfo, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin injin da ke ƙonewa ba. Haka a fadama: kakanninmu sun yi ban-ruwa da jigo, mu muna yi da injin fetur, amma har yanzu mutum ne ke tsaye yana jira. In ya tafi sallah ya daɗe, mai ya ƙone a banza, ko ruwan rijiya ya janye injin ya yi ta juyi a bushe.

Abin da na lura shi ne, mukan sayo rabin ƙirƙira mu baro rabi. Mu ɗauko mai dafawa da mai turowa, mu bar mai tsayarwa, don shi ne ke ƙara kuɗi. Sai mu cike gurbinsa da mutum, kuma kun san ko waye mutumin: ƙanwa, ko matar gida, ko almajirin da ke aiki a gidan. Su ne ke gadin tanki, su ne ke tsoma yatsa a bokitin da hita ke ciki don su ji ko ya yi zafi. Don Allah, wannan kam a daina. A zare daga soket tukuna kafin hannu ya taɓa ruwa, kullum, ko da an ɗauke wuta.

Sannan akwai abin da masu ƙera kayan nan a ƙasashensu ba su cika damuwa da shi ba, saboda wutarsu ba ta yawo. Mu haɗarinmu yana wajen dawowar wuta, lokacin da babu kowa a ɗaki. Abin da ya kamace mu shi ne soket da in wuta ta ɗauke, ba zai sake kamawa ba sai mutum ya zo ya danna da hannunsa. Dabarar ba sabuwa ba ce, da ita ake tayar da manyan injina a masana'antu, kuma duk ɗalibin lantarki ya san ta. Da irinsa ne a ɗakinmu, da katifata na nan.

Don haka ina kira ga 'yan'uwa da ke Kwalejin Waziri Umaru, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, da masu gyaran wuta da walda na bakin kasuwa. A 2020, lokacin korona, mun ga yadda maƙera a faɗin ƙasar nan suka ƙera wurin wanke hannu na taka-da-ƙafa cikin 'yan makonni. Hannun yana nan. In za a yi aikin kammala karatu, ga guda uku a ƙofar gida: hita mai kashe kanta, tukunyar gumi mai ma'aunin zafi da mace za ta iya saya, da abin da zai kashe injin fadama in ruwa ya janye. Banu Musa da kwamin shan ruwa suka shiga tarihi, kada wani ya raina bokiti.

Ni dai tun daga ranar, butar lantarki mai kashe kanta nake amfani da ita, kuma duk da haka ba na fita sai na waiwayi soket.

Ku faɗa mana, a gidanku wa ke gadin tanki? Wa kuma hita ta taɓa yi wa irin tawa? In akwai mai gumi a danginku, ku tambaye ta yadda take gane ruwa ya yi, ku rubuto mana, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Allah ya tsare mu da gobara, ya sa mu ga ƙarshen sanyin nan lafiya. Na bar ku lafiya.