Harajin Miji, Gumin Mata

'Yar'uwa, in kin ji tsofaffi suna zancen zamanin haraji, kada ki ɗauka labarin maza ne su kaɗai. Gaskiya ne kan namiji baligi ake ƙirgawa, amma kuɗin daga ina suke fitowa?

A wancan lokaci Dutse gunduma ce ƙarƙashin En'e ta Kano, haka Birnin Kudu da Jahun. Mutane kuwa kashi biyu ne, masu sarauta da talakawa. Bature ya yanka, hakimi ya ɗora wa dagaci, dagaci ya ɗora wa mai unguwa, shi kuma ya tsaya a ƙofar gidan talaka. Bafulatani nasa jangali ne, kan kowace saniya.

To haraji ba a biyansa da damin gero, sai tsabar kuɗi, shi ya sa kowa ya rungumi gyaɗa tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. A nan fa aikinmu ya shigo. Maigida ya noma, amma wa zai tsinke ta, ya ɓare, ya sheƙe? Mata ne, har hannu ya yi kanta. A kai ta kan sikeli, ɗan baranda ya ci nasa, kamfani ya ci nasa, a tara ta dala-dala a Kano. In damina ta yi gardama kuwa, namiji ko ya tsere ci-rani, ko a shanya shi a rana a ƙofar dagaci. Sai ki ga mace ta kwance akuyarta, ko ta zare tasa daga jerenta ta aika kasuwa, don dai kada a tozarta uban 'ya'yanta. Rasit kuma ya fito da sunansa. Oho dai!

Wannan takaici ne NEPU ta tarar da aka kafa ta a Kano ranar 8 ga Agusta 1950. Malam Aminu Kano da mutanensa suka ce talaka ma mutum ne, aka yi ta ɗaure 'yan jam'iyyar a kotunan alƙalai. Sai a 1979 Gwamna Abubakar Rimi na PRP ya soke haraji da jangali a jihar Kano, Dutse na ciki, don Jigawa ba ta samu ba sai 1991. Lokacin ma fari na 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 sun riga sun rushe dalar.