Hutun jirgin ruwa a zamanin Korona: yadda rufe iyakoki ya dagula lissafin matafiya

Hutun jirgin ruwa, wanda ake kira croisière a Faransanci, tafiya ce ta shaƙatawa a kan teku. Mutum yakan biya kuɗi a ba shi ɗaki cikin wani katafaren jirgi mai gidajen abinci da wuraren wasa har da ɗan asibiti, jirgin ya yi mako ɗaya ko biyu yana zagaya tashoshi, yawanci ya koma inda ya taso. Da safe fasinjoji su sauka su ga gari, da yamma su dawo su kwana a jirgi. A shekara ta 2019 kusan mutum miliyan 30 ne suka yi irin wannan hutu, galibinsu daga Amurka da Turai. Duk harkar ta dogara ne a kan yardar kowace ƙasa da ke kan hanya ta bar jirgin ya tsaya a tasharta, kuma wannan yarda ce annobar Covid-19 ta fara janyewa.

Watannin da tashoshi suka rufe

Jirgin Diamond Princess ya isa Yokohama ta ƙasar Japan a farkon watan Fabrairu na 2020 ɗauke da mutum 3,711, fasinjoji da ma'aikata. Kwanaki kaɗan kafin nan an gano cutar a jikin wani dattijo da ya sauka daga jirgin a Hong Kong. Hukumomin Japan suka killace kowa a ciki, fasinjoji a ɗakunansu, wasu ɗakunan ko taga babu, su kuwa ma'aikata suna ci gaba da kai abinci ƙofa-ƙofa. Mutum 712 suka kamu, aƙalla 13 suka rasu.

Daga nan tsoro ya kama tashoshi. Jirgin Westerdam ya yi kusan mako biyu yana gararamba a teku, Japan da Taiwan da Filifin da Tailan duk sun ƙi karɓar sa, sai Kambodiya ce ta buɗe masa tashar Sihanoukville ranar 13 ga Fabrairu. A Ostireliya kuwa akasin haka aka yi: ranar 19 ga Maris an bar fasinjojin Ruby Princess kimanin 2,700 suka sauka a Sidni suka watse gidajensu kafin sakamakon gwaji ya fito, daga baya aka danganta mutuwar mutum 28 da wannan jirgi.

Ranar 14 ga Maris hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta hana manyan jiragen shaƙatawa tashi daga tashoshin ƙasar. Kanada da Ostireliya su ma suka rufe nasu. Fasinjoji sun samu komawa gida cikin ƴan makonni, amma dubban ma'aikata, yawancinsu ƴan Filifin da Indonesiya da Indiya, sun shafe watanni a kan ruwa saboda babu ƙasar da ta yarda su sauka.

A Nijar, gwamnati ta rufe filayen jiragen saman Yamai da Damagaram tare da iyakokin ƙasa daga ranar 19 ga Maris. Tunda ƙasar ba ta da gaɓar teku, duk mai niyyar irin wannan hutu sai ya fara hawa jirgin sama zuwa Marseille ko Barcelona ko Genoa ko Dubai, wato tafiyarsa ta mutu tun kafin a kai ga zancen teku. Sai ranar 1 ga Agusta aka sake buɗe sararin samaniya, iyakokin ƙasa kuwa sai watan Yuni na 2021.

Kuɗin da aka riga aka biya

A nan ne rigima ta fi yawa. Ana sayen tikitin hutun ne watanni kafin tafiya, wani lokaci shekara guda. Da aka soke tafiye-tafiye, manyan kamfanoni suka ba mutane zaɓi: ko a maido musu kuɗinsu, ko a ba su takardar bashi ta wata tafiya nan gaba, sau da yawa mai darajar kashi 125 cikin 100 na abin da suka biya. Tayin yana da daɗin ji, amma takardar tana da wa'adi, kuma darajarta ta rataya ne ga rayuwar kamfanin. Pullmantur na Sifen da CMV na Ingila sun durƙushe a tsakiyar 2020, Crystal Cruises ya bi su a farkon 2022. Carnival, wanda ya fi kowa girma, ya yi asarar sama da dalar Amurka biliyan 10 a 2020, sai dai shi ya tsira.

Akwai kuma bambanci tsakanin kamfani ya soke tafiya da fasinja ya fasa da kansa. Wanda ya tsorata ya janye tun da wuri yakan yi asarar kuɗin kafin alƙalami, wanda ya daure har kamfani ya soke shi ke da haƙƙin karɓar kuɗinsa cif. Dokar Tarayyar Turai ta 2015 ta tanadi a maido kuɗin cikin kwanaki 14. Faransa ta kauce mata da wata doka ta 25 ga Maris 2020, wadda ta ba kamfanoni damar riƙe kuɗin watanni 18 su ba da takarda a madadinsa. A watan Yuni na 2023 kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa matakin ya saɓa doka, amma a lokacin wa'adin ya daɗe da cika. Tikitin jirgin sama da aka saya daban kuwa babu ruwan kamfanin jirgin ruwa da shi, inshora da yawa ma ba su biyan asarar da annoba ta jawo.

Komawa aiki da sharuɗɗa

Babban jirgin da ya fara komawa tekun Bahar Rum shi ne MSC Grandiosa, daga Genoa ranar 16 ga Agusta 2020. An rage yawan fasinjoji, an gwada kowa a tasha kafin ya hau, kuma ba a sauka gari sai cikin ayarin da kamfani ya shirya. Wasu iyali da suka zame daga ayari a Napoli don su yi yawonsu, da suka dawo an hana su hawa. Singafo ta ɓullo da tata dabarar a watan Nuwamba: jirgi ya fita teku ƴan kwanaki ya dawo ba tare da ya tsaya ko'ina ba, kuma mazauna ƙasar kaɗai ke shiga.

Rufewar Kanada ta tono wata tsohuwar dokar Amurka ta 1886, wadda ta sa jirgi mai tutar wata ƙasa ba ya zagaye daga tashar Amurka ya koma sai ya taɓa tashar waje. Kusan duk manyan jiragen suna ɗauke da tutar ƙasashe irin su Bahamas da Panama, saboda haka masu zuwa Alaska daga Seattle sukan ɗan tsaya a Kanada. Da Kanada ta rufe, sai da majalisar dokokin Amurka ta yi dokar wucin gadi a watan Mayu na 2021 kafin a iya zuwa Alaska. Celebrity Edge ne babban jirgin da ya fara tashi daga Amurka da fasinjoji masu biya, ranar 26 ga Yuni 2021.

Rigakafi da takardu

Mai shirin tafiya a 2021 yana fama ne da dokoki kala-kala a lokaci guda: na ƙasarsa, na ƙasar da zai hau jirgi, na kowace tasha, da na kamfanin kansa, wanda sau da yawa ya fi na gwamnatoci tsauri. Gwajin PCR yakan lalace bayan awa 48 ko 72. Wanda ya yi nasa a cibiyar CERMES ta Yamai, ya kwana a hanya, zai iya isa tasha takardarsa ta riga ta mutu, sai ya sake biyan wani.

Nau'in allurar ma ya zama matsala, kuma ƴan Afirka ne suka fi jin ta a jikinsu. Nijar ta fara rigakafi a ƙarshen Maris 2021 da Sinopharm ta ƙasar Sin, sannan AstraZeneca ƙirar Indiya, wato Covishield, ta iso ta hannun shirin Covax. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta amince da su biyun, amma takardar shaidar Tarayyar Turai da ta fara aiki ranar 1 ga Yuli 2021 ta ginu ne a kan alluran da hukumar magungunan Turai ta yarda da su, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu. Kowace ƙasa aka bar ta ta yanke nata hukunci. Faransa ta karɓi Covishield a cikin watan na Yuli, Sinopharm kuwa ba ta ɗauke ta a matsayin cikakkiyar rigakafi ba. Mutum ɗaya da kati ɗaya zai iya zama mai rigakafi a wannan tasha, maras rigakafi a ta gaba.

Tsugune ba ta ƙare ba, don nau'in Omicron ya ɓulla a ƙarshen 2021, har CDC ta shawarci kowa, mai allura da maras ita, ya guji jiragen. Ostireliya ba ta ɗage haramcinta ba sai 17 ga Afrilu 2022. A watan Yuli na shekarar CDC ta daina sa ido na musamman a kan jiragen, OMS kuma ta janye dokar ta-ɓacin lafiya ranar 5 ga Mayu 2023, shekarar da fasinjoji suka haura miliyan 31.

Gwaji da katin Korona sun kau, amma yarjejeniyar da fasinja ke amincewa da ita har yanzu tana ba kamfani ikon sauya hanya ko tsallake tasha, galibi ba tare da diyya ba. Mai fasfon Nijar kuma har gobe sai ya tantance bizar kowace ƙasa da ke kan hanyar jirgin, ko da ba shi da niyyar sauka a can, ya kuma riƙe katinsa na rigakafin shawara.