Zaftarewar Yashi

Zaftarewar yashi motsi ne da ke aukuwa a cikin abubuwa masu ƙwayoyi, wato tarin ƙananan gutsattsari irin su rairayi, hatsi, gishiri da tsakuwa, waɗanda ke tsayawa daram idan an bar su, amma suke kwarara kamar ruwa da zarar an karkata su fiye da kima. Gogayyar da ke tsakanin ƙwayoyin ita ce ke riƙe tsibi, kuma kowane tsibi yana da iyakar gangarar da zai iya jurewa, wadda a busasshen yashi ta kai wajen digiri 34. Idan aka zarce ta, shimfiɗin sama kaɗai ke zamewa, na ƙasa kuwa bai cika motsawa ba.

A 1885 Osborne Reynolds ya nuna cewa matsattsen yashi sai ya ɗan kumbura kafin ya motsa, domin dole ƙwayoyin su hau kan juna. Ralph Bagnold, sojan Birtaniya da ya yi nazari a hamadar Libiya, ya bayyana a littafinsa na 1941 yadda iska ke tara yashi a ƙololuwar tudu har ya zaftare ta bayansa, kuma ta haka ne tuddan hamada irin na Tenere a Nijar ke matsawa gaba.

A 1987 Per Bak da abokan aikinsa sun tsara samfurin lissafi na tsibin yashi, inda ƙwaya guda kan haddasa zaftarewa ƙarama ko babba. Samfurin ya shahara, sai dai gwaje-gwaje sun nuna cewa ya fi dacewa da doguwar shinkafa fiye da yashin kansa.