Yaushe aka rufe ƙofa, wa kuma ya yi gadinta?

Kalmar karantin da muka dinga ji a bakin likitoci da ƴan rediyo cikin 2020 daga harshen Italiya ta fito, inda quaranta ke nufin arba'in. Tun 1377 birnin Ragusa, wanda ake ce ma Dubrovnik yau, ya kafa doka cewa duk wanda ya fito daga garin annoba sai ya yi kwana talatin a keɓe kafin ya shiga gari. Daga baya aka maida shi kwana arba'in, sunan kuma ya bi shi. Kenan dabarar tsohuwa ce, kowa ya san ta. To mi ya sa ta ceci wasu, wasu ko ta bar su da haƙa kaburbura?

Mu duba murar 1918, wadda ta kashe miliyoyin mutane a duniya. Cikin tekun Pasifik akwai tsibiran Samowa, jama'a ɗaya, harshe ɗaya, amma Turawa sun raba su biyu, abin da mu ƴan bakin iyaka ba sai an yi muna bayani ba. Yamma tana hannun sojan Niyu Zilan, gabas tana hannun Amurka. Ran 7 ga Nuwamba 1918 jirgin ruwan Talune ya iso Apia daga Auckland ɗauke da marasa lafiya, aka bar su suka sauka. Cikin ƴan makonni wajen mutum 8,500 suka rasu, fiye da ɗaya cikin biyar na jama'ar ƙasar. A gabas kuwa, gwamna John Martin Poyer ya ji labarin cutar tun ba ta iso ba, ya sa dokar killace jiragen da ke shigowa. Ko mutum guda bai mutu da ita ba.

Ana yawan yabon Poyer, ya kuma cancanta. Amma ni abin da ya fi ɗaukar min hankali shi ne sarakunan gargajiya na gabas ɗin. Su suka sa mutanensu sintiri a bakin ruwa suna maida kwale-kwalen da suka taso daga yamma, alhali cikinsu akwai dangi. Bature ɗaya da ƴan sojansa ba su iya tsare gaɓar teku dare da rana. Poyer ya ma yi tayin taimako ga Kanar Robert Logan mai mulkin yamma, shi ko bai karɓa ba. Mutanen Samowa ba su manta ba, sai 2002 firaminista Helen Clark ta je Apia ta nemi gafara da sunan ƙasarta.

Wani zai ce ai tsibiri ne, rufe shi ba wuya. Gaskiya ne. To ga birane biyu cikin Amurka. Filadelfiya ta bari aka yi faretin tara kuɗin yaƙi ran 28 ga Satumba 1918, mutum wajen 200,000 suka cika titi, sai 3 ga Oktoba aka rufe makarantu da wuraren ibada. Fiye da 12,000 suka mutu cikin makonni kaɗan. A Saint Louis, likita Max Starkloff ya sa an rufe wuraren taro kwana biyu kacal bayan ganin cutar cikin gari, mutuwarsu ta tsaya wajen rabin ta Filadelfiya in an auna da yawan jama'a. Da suka yi gaggawar buɗewa cikin Nuwamba, cutar ta sake tasowa.

Wajenmu nan, ta ruwa ita ma ta shigo. Jirgin yaƙin Ingila Mantua ya tsaya Firitawun cikin Agusta 1918, leburori masu loda gawayi suka kwashe ta. Cikin Satumba ta kai Legas, daga can ta bi layin dogo da ya iso Kano tun 1911. Yaƙi ne a gaban masu mulkin mallaka, ba wanda ya yi niyyar tsaida jirgi don talakan da ba a ma tambaye shi ba.

Yanzu ku tuna Maris 2020. An samu mutum na farko a Nijar ran 19 ga wata, nan da nan aka rufe iyakoki da makarantu, aka killace Yamai, aka sa dokar hana fitar dare. Ta fannin lokaci, hukuma ba ta yi nawa ba. Sai dai da aka hana sallar jam'i, matasa sun yi bore a Mirya, aka kuma yi a unguwannin Yamai gab da azumi. Doka ta sauko daga sama cikin Faransanci, ta iske mai ci da guminsa na yini bai san wa zai ciyar da gidansa ba, malamin unguwa kuma bai ga hannunsa ciki ba. Cikin watan Mayu aka sake buɗe masallatai.