Daga Glasgow zuwa Rimawa: yadda aka koyi tsare raunin tiyatar ƙashin baya

Kafin 1865, kwanakin da ke biyo bayan tiyata sun fi tiyatar kanta haɗari. A ɗinke rauni lafiya, bayan kwana kaɗan ya yi mugunya, zazzaɓi ya tafi da majiyyaci. A shekarar ce Joseph Lister, likitan fiɗa a Glasgow, ya fara wanke rauni da sinadarin kabolik, bisa binciken Louis Pasteur kan ƙwayoyin cuta. Wajen 1890 William Halsted ya shigo da safar hannu ta roba ɗakin tiyata a Amurka.

Ƙashin baya ya zo da tasa matsalar. Tun da Paul Harrington ya bayyana sandunansa na ƙarfe a 1962, dasa ƙarfe ya zama ruwan dare a wannan aiki. Ƙwayoyin cuta kuwa sukan manne wa ƙarfe, su lulluɓe kansu da wani yauƙi da magani ke wahalar ratsawa, har wani lokaci sai an sake buɗe majiyyaci.

A 1961 John Burke na Boston ya nuna cewa maganin kashe ƙwayoyin cuta ya fi amfani idan ya riga ƙwayoyin isa rauni. Ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2016 sun bi wannan sawu: a ba da maganin cikin minti 120 kafin yanka, kada a ci gaba da shi bayan aiki da sunan rigakafi, a yi wanka da sabulu, kuma kada a aske wurin da reza ko aska, domin kan ƙuje fata.

Manomin Rimawa da ya karye a baya, Sakkwato za a kai shi, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Amma cuta na iya ɓulla makonni bayan sallama, shi ya sa a Amurka ake bibiyar aikin haɗe ƙashin baya har kwana 90. Nan ne nauyin ya koma kan iyali: wanke hannu kafin taɓa bandeji, hana shafa toka ko garin magani, barin sayen kafso a kemis. Rauni ya yi ja, ya fara tsatsafo ruwa, ko zazzaɓi ya taso, a koma asibiti ranar, ko da tafiyar da nisa.