Yadda Mai Kisa Ya Koma Gida a Fina-finan Sifaniya

Duk wanda ya nazarci fina-finan ban tsoro na ƙasar Sifaniya lalle ne ya fara da zamanin Janar Franko, wanda ya riƙe ƙasar da mulkin kama-karya daga 1939 har rasuwarsa a 1975, domin hukumar tace fina-finai ta wancan zamani ba ta yarda a nuna cewa fasadi da zubar da jini suna aukuwa a ƙasar da take da'awar tsarkin addini da nizami ba.

Saboda haka masu shirya fim suka yi hikima, suka riƙa kai ta'asar wata ƙasa. Lokacin da Narciso Ibáñez Serrador ya fitar da La residencia a 1969, labarin makarantar kwana ta 'yan mata inda ɗalibai ke ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, sai ya ce a Faransa abin ya faru, alhali kuwa tsananin uwar makarantar da horonta na bulala ba baƙon abu ba ne ga Basifaniyen da ke zaune a majigi.

Amma wanda na fi girmamawa a cikinsu shi ne Eloy de la Iglesia, wanda a 1972 ya yi La semana del asesino, ya ajiye mai kisan a bayan garin Madrid, talaka ma'aikacin masana'antar nama mai suna Marcos, wanda ya kashe direban tasi cikin husuma, sa'an nan tsoron tonuwar asiri ya sa ya bi ta kan budurwarsa da ɗan'uwansa. Ana ganinsa yana fesa turare a ɗaki don ya danne warin gawarwaki, karnukan unguwa suna taruwa a ƙofarsa, dogayen benayen mawadata kuwa suna tsaye dab da ɗan gidansa. Hukuma ta datse fim ɗin ƙwarai, kuma daga baya Ingila ma ta haramta shi.

An soke tacewar a 1977, har Alejandro Amenábar ya sami damar sanya kisa a cikin jami'ar Madrid a fim ɗinsa Tesis na 1996 ba tare da ɓoye-ɓoye ba. A ra'ayina, de la Iglesia ne ya share masa wannan hanya, kuma ya yi haka tun Franko yana raye.